Seth Boyden: Maƙerin da ya sa fata ƙyalli, ya bar wa wasu ribar

Duk wanda ya taɓa yin Babbar Sallah a Rogo Sabon Gari, ko a wani gari na ƙasar Ƙaraye, ya san abin da ke biyo bayan yankan layya. Kafin rana ta yi sanyi an fara tattara fatun raguna da na awaki gida-gida, yawancinsu sadaka masu layya suka bayar. Dillalai su saye, su shimfiɗa su a inuwa, su barbaɗe su da gishiri don kada su ruɓe, bayan 'yan kwanaki a ɗaure su a loda a mota, sai Kano. Abin da dillali ke biya a kan fata guda ba zai sayi ko ƙafa ɗaya ta baƙin takalmin nan sau-ciki mai ɗaukar ido ba, irin wanda ango ke sakawa ranar ɗaurin aure, ko babban ma'aikaci ranar da za a rantsar da shi, ko soja ranar fareti. Takalmi ne da ba ya neman ɗan shushaina: a goge shi da tsumma mai laima, mutum ya ga fuskarsa a jiki.

Tsakanin waccan fata mai gishiri da wannan takalmi akwai aikin hannaye da yawa, amma kuɗin ya fi taruwa a hannun ƙarshe, wato wanda ya yi wa fatar gyaran gamawa. Mutumin da ya mayar da wannan gyara babbar sana'a a Amurka, har wani gari sukutum ya yi arziki da ita, sunansa Seth Boyden. Shi kansa bai yi arzikin ba.

An haife shi ranar 17 ga Nuwamban 1788 a Foxborough, wani ƙaramin gari a jihar Massachusetts. Gidansu gidan noma ne da ƙira. Kakansa na wajen uwa, Uriah Atherton, mai narka ƙarfe ne, ya zuba igwa a lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila. Mahaifinsa, wanda shi ma Seth ne sunansa, manomi ne mai son ƙere-ƙere. Ƙanensa Uriah Boyden ya zama injiniya sananne a fannin injinan da ruwa ke juyawa. Karatun aji da Seth ya samu kaɗan ne. Abin da ya sani na sinadarai da ƙarafa da lissafi, da kansa ya koya, tsakanin gona da maƙera da 'yan littattafan da hannunsa ya kai gare su. Tun yana saurayi yake gyara agogo, kafin ya kai shekara talatin kuma ya ƙera injin yin ƙusoshi da na yanka haƙoran magagari.

Abin da ya fitar da shi daga ƙauyensu injin tsaga fata ne, wanda mahaifinsa ya faro shi kuma ya inganta. Ƙirgin saniya yana da kauri fiye da yadda mai ɗinka takalmi ko mai yi wa littafi bango yake buƙata. A da, sai a sa wuƙa a yi ta kankare shi har ya yi sirantar da ake so, abin da aka kankare kuma ya tafi a banza. Injin Boyden yakan raba ƙirgin ta kaurinsa, ya fitar da falle biyu masu faɗi ɗaya, ƙirgi guda ya yi aikin biyu. Da wannan inji ya ƙaura zuwa Newark a jihar New Jersey a 1815.

Ya san inda ya nufa. Newark, wadda ba ta da nisa da birnin New York, gari ne na majema da masu ɗinkin takalma tun kafin a haife shi. A ƙarshen ƙarni na 18 wani mai ɗinkin takalma, Moses Combs, ya buɗe wa garin kasuwar jihohin kudu, daga nan takalma da sirada da kayan doki da kekunan doki na Newark suka riƙa gangarawa can. Dole a faɗi cewa wani kaso na wannan ciniki da masu gonakin auduga ake yinsa, kuma cikin takalman har da waɗanda ake saya wa bayin da ke noma gonakin. A cikin irin wannan gari Boyden ya kafa injinsa, yana tsaga wa majema fata, yana kuma yi wa ƙarafan kayan doki ruwan azurfa.

A 1818 wani yanki na fata mai sheƙi, aikin Jamus, ya shigo hannunsa. Masu tarihin Newark sun ce bakin hular soja ne. Ba Boyden ne ya fara tunanin shafa wa fata abin da zai sa ta ƙyalli ta kuma hana ruwa shiga ba. A Ingila an riga an ba Edmund Prior takardar mallakar wata dabara irin wannan a 1799, aka ba Charles Mollersten tasa a 1805, kuma daga irin waɗannan takardu ne Turawa suka sa wa fatar sunan da suke kiranta da shi har yau, wanda ma'anarsa ita ce fatar da aka yi wa rajistar mallaka. Sai dai masu yin ta a Turai sun riƙe asirinsu, duk Ba'amurken da ke son ta sai ya yi odar ta daga ƙetare da tsada. Boyden ya zauna da wannan ɗan yanki yana bincikensa, yana gwada haɗi bayan haɗi, har ya kai ga nasa. A 1819 ya fara fitar da ita don sayarwa. Shekarar ce Ibrahim Dabo ya hau gadon sarautar Kano.

Yadda ake aikin ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk majemin da ya karanta zai ga cewa babu sihiri a ciki. Tushen haɗin shi ne man 'ya'yan kittani, tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa. Wannan mai yana da wata ɗabi'a da man gyaɗa da man shanu ba su da ita: idan aka dafa shi aka shafa siriri aka bar shi a iska, yakan daskare ya zama wata fata ta daban, mai santsi, mai lanƙwasuwa. Sai a jeme ƙirgi, a tsaga shi, a ɗaure shi tam a jikin katako kamar fatar ganga. A shafa masa dafaffen man da aka cuɗa da kunkunniyar fitila don ya yi baƙi, a sa shi a ɗaki mai zafi ya bushe, a fito da shi a goge da dutse irin na goge kaushi har ya yi sumul, a sake shafawa, a sake busarwa, a sake gogewa. Haka za a yi ta maimaitawa, kowane shafi ya fi na baya tsabta da siranta, har a zo na ƙarshe wanda shi ne madubin. Daga nan a shanya a rana, domin hasken rana ne ke kawar da sauran danƙon da ke saman. Ƙura ƙwaya ɗaya ta faɗa a shafin ƙarshe ta ɓata aikin makonni. Masu wannan sana'a a Amurka sun daɗe suna fama da ƙarancin ranakun da rana ke fitowa sosai, abin da mu a nan ba mu taɓa rasawa ba. Mu ƙurar ce za ta zame mana ciwon kai.

Da fari ba ƙafar mutane aka nufa da ita ba. Dawaki da kekunan doki ne suka fara more ta: kayan ɗamarar doki, marufin idonsa, allon gaban keken da ke tare taɓo, duk wuraren da ake son fata ta jure ruwa ta kuma nuna isar mai ita. Sai bakin hulunan soja da ɗamara. A hankali ta sauko kan takalma, ta zauna daram a cikin tufafin manya na Turai da Amurka. Baƙin takalmi mai sheƙi ya zama abokin tafiyar baƙar kwat ta liyafar dare, ya zama takalmin da ake saya wa 'yan mata ƙanana na zuwa coci da biki, mata kuma suka ɗauke ta zuwa jakar hannu da ɗamara. Dalilin farin jininta a fili yake. Kafin ita, takalmi mai ƙyalli shaida ce ta cewa mutum yana da baran da ke goge masa shi kullum safiya. Da ta zo, akawu mai ƙaramin albashi ma ya iya shiga taro da ƙafa mai ƙyalli.

A nan ne halin Boyden ya bayyana. Bai je ya yi wa dabarar rajista ba. Fatar da sunanta ke nufin mallaka, wanda ya kafa sana'arta a Amurka bai mallake ta ba. Ma'aikatansa suka koya, wasu suka fita suka buɗe nasu, maƙwabta suka kwaikwaya, bai kai kowa ƙara ba. A 1831 ma ya sayar da masana'antar gaba ɗaya, domin hankalinsa ya riga ya koma wani wuri. Kafin tsakiyar ƙarnin, Newark ce ke fitar da mafi yawan fata mai sheƙi da ake yi a Amurka, gidaje da dama sun yi dukiya da ita, dubban leburori suna ci daga gare ta.

Ɗan kasuwar Kano zai iya cewa wannan sakaci ne, kuma yana da hujja. A wurinmu asirin sana'a gado ne. Baduku ba ya koya wa bare yadda yake haɗa rininsa, marini ba ya faɗin abin da ya zuba a karofi. Wannan riƙo ya tsare wa gidaje da yawa abincinsu shekaru aru-aru. Amma yana da nasa hasara, domin duk ranar da dattijo ya rasu bai samu ɗan da ya tsaya ya koya ba, ilimin ya bi shi kushewa. A ganina Boyden ya cuci aljihunsa, kuma iyalinsa sun ɗanɗana hakan, sai dai da ya kulle dabarar a akwati da wuya Newark ta zama abin da ta zama. Kuma kada a manta shi ma a jikin aikin wani ya koya. Bajamushen da ya yi waccan hula bai san ya buɗe makaranta a wata nahiya ba.

Abin da ya ɗauke masa hankali daga fata shi ne ƙarfe, kuma kayan doki ne suka kai shi. Ƙananan ƙarafan da ake sa wa linzami da ɗamara iri biyu ne a lokacin. Wanda maƙeri ya buga da hannu yana da ƙarfi amma yana cin lokaci da kuɗi. Wanda aka narka aka zuba a mazubi yana da araha amma yana da gautsi, da ya sha duka sai ya fashe kamar kasko. Boyden ya so ya haɗa arahar wannan da ƙarfin wancan. Wani masanin Faransa, Réaumur, ya yi rubutu a kan hanyar tausasa ƙarfen zubi tun 1722, amma a Amurka babu mai yi. Boyden ya shafe shekaru yana gwaji: a zuba ƙarfen, a binne shi cikin garin tama, a gasa shi kwana da kwanaki, a bar shi ya huce a hankali. Ranar 4 ga Yulin 1826 ya samu abin da yake nema, ƙarfen zubi da ake duka ya lanƙwasa bai karye ba. Ranar ce Amurka ke bikin cika shekara hamsin da ayyana 'yancinta, kuma a ranar tsofaffin shugabanninta biyu, John Adams da Thomas Jefferson, suka rasu. Gari na can yana buga ganguna, shi yana bakin tanderu. Cibiyar Franklin da ke Philadelphia ta ba shi lambar yabo a kan wannan ƙarfe a 1828. Masana ƙarafa da yawa suna ganin wannan aiki ya fi na fata nauyi, domin daga gare shi aka samu ƙarfen da ya shiga kayan noma, makullai, mahaɗan bututu, daga baya har sassan motoci.

Wannan ma bai riƙe ta ba. A cikin shekarun 1830 ya sayar da ma'aikatar ƙarfen ya koma ƙera injinan tururi. Kamfanin jirgin ƙasa na Morris da Essex yana da hanya mai hawa da gangara daga Newark zuwa tuddan yamma, Boyden ya ƙera masa kan jirgi mai suna Orange a 1837, ya bi shi da Essex a 1838. Ya kuma gyara yadda ake datse tururi a cikin inji don a rage ɓarnar makamashi. Da labarin ɗaukar hoto ya iso daga Faransa a 1839, yana cikin mutanen farko a Amurka da suka haɗa na'urar suka gwada. Haka rayuwarsa ta kasance: ya ga matsala, ya zauna a kanta har ta warware, da ta fara kawo kuɗi sai ta gundure shi.

A 1849, yana da shekara sittin, zazzaɓin zinariya ya kama shi kamar yadda ya kama dubban Amurkawa bayan an gano ta a Kalifoniya a shekarar da ta gabata. Ya tafi, ya dawo hannu rabbana. Mutumin da ya bar ma'adinai biyu a bayansa, na fata da na ƙarfe, ya tafi tonon na uku a wata uwa duniya bai samu komai ba.

A daidai wannan lokaci, cikin watan Fabrairun 1851, Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya shigo Kano a zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Abin da ya rubuta game da kasuwar birnin ya nuna cewa a wancan zamani Kano kayan da aka gama take fitarwa. Ya ƙiyasta cinikin takalman da dukawan Kano ke ɗinkawa ana kai su ƙasashe masu nisa a kan wuri miliyan goma a shekara, na jemammun ƙiraga da jajayen fatu, waɗanda ake kai wa har Tarabulus, a kan miliyan biyar. Tun ƙarni na 16 ma Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir da ake kai kayansu Tumbuktu da Gawo. Majeman ƙasar Hausa suna da nasu ilimin sinadarai cikakke: toka don tuge gashi, kashin tsuntsaye don tausasawa, bagaruwa don jima, karan dafi don rina ja, mai don laushi. Fatar jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi tana cikin mafi kyawun fatun awaki a duniya saboda ƙarfinta da kyan ƙwayar samanta. Amma da yake ta hannun fataken Arewacin Afirka take isa Turai, da yawa daga cikinta da sunan fatar Maroko aka san ta, da wannan suna aka yi wa manyan littattafai bango a Landan da Faris. Boyden ya rasa riba amma garinsu ya riƙe sana'ar da sunan. Majemin Kano ya yi aikin, sunan ya tafi ga wanda ya miƙa kayan.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, lamarin ya sake juyawa. Kamfanonin Turawa suka fi son fatar ɗanya, busasshiya, su kai ta can a jeme a gama. Masana'antun jima na zamani da aka kafa daga baya a Bompai da Sharaɗa da Challawa sun dawo da wani ɓangare na aikin gida, sai dai kaso mai yawa na abin da suke fitarwa yana tafiya Italiya da Sifaniya da wasu ƙasashe ne, inda ake mayar da shi takalma da jakunkuna masu tambarin kamfanonin can. Ƙirgin saniya kuwa, wanda shi ne asalin abin da ake yin fata mai sheƙi da shi, masu ganda sun riga majema gare shi. Wani abu guda da Kano da Newark suka yi tarayya a kansa ba abin alfahari ba ne. Kogin Challawa, wanda aka datse a ƙasar Ƙaraye aka yi madatsar ruwa, idan ya gangaro kusa da birni yana karɓar dagwalon masana'antun jima, kamar yadda kogin Passaic ya sha dagwalon masana'antun Newark har ya shiga jerin koguna mafi gurɓata a Amurka.

Bayan dawowarsa daga Kalifoniya, Boyden bai zauna ba. Ya yi aiki a kan hanyar fitar da tutiya daga tamar New Jersey, wadda ta daɗe tana gagarar masu narka ƙarfe. Ya ƙera injin yin gangar jikin hular malafa ta Turawa, sana'ar da ita ma ta yi ƙarfi a yankin. Amma tsufa ya zo, aljihu babu nauyi. A 1855 ya koma wani ɗan gida da fili a ƙauyen Hilton, wanda yanzu yake cikin garin Maplewood. Masu masana'antun da suka ci moriyar ƙere-ƙerensa ne suka taimaka aka samar masa wurin. Wasu za su kira wannan halacci. Idan aka auna shi da abin da suka samu, bai fi ɗan goron da ake miƙa wa wanda ya nuna hanya ba.

A Hilton ya koma sana'ar ubansa, noma, amma da idon maƙeri. Ya ɗauki sitiroberi, wani ɗan itace ja mai zaƙi da ɗan tsami (irin wanda ake nomawa a tuddan Jos yanzu), ya riƙa barbarar wannan iri da wancan yana zaɓen masu girma da daɗi, yana ba su lambobi kamar yadda yake yi wa gwaje-gwajen ƙarfe. Irin da ya fitar ya yi suna, manoman Hilton suka karɓa, suka riƙa kai wa manyan otal-otal da kasuwannin New York a farashi mai tsoka. Ko a nan bai sauya hali ba, maƙwabta ya riƙa ba dashen. Ƙauyen ya shekara da shekaru ana saninsa da wannan ɗan itace.

Ya rasu ranar 31 ga Maris 1870 yana da shekara 81, ba tare da ya bar dukiyar a zo a gani ba. Aka binne shi a maƙabartar Mount Pleasant da ke Newark.

Dabararsa ta man kittani ta rayu kusan ƙarni ɗaya da rabi kafin roba ta ture ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu suka koma shafa wa fata ruwan roba da ake samu daga man fetur, wanda ke bushewa cikin ɗan lokaci kuma yana karɓar kowane launi. Shi ya sa a shekarun 1960 takalma da jakunkuna masu sheƙi, fari da ja da ruwan ɗorawa, suka cika titunan Landan da Faris. Daga nan aka fara cire fatar ma gaba ɗaya, a shafa robar a kan yadi. Kamfanin DuPont ya fito da irin wannan fatar ta kanti mai suna Corfam a 1964, ya daina yin ta a 1971 bayan ya tafka hasara, amma wasu suka ɗora daga inda ya tsaya, har yau da irinta ake yin takalman fareti na sojoji da yawa. Mafi yawan takalma masu ƙyalli masu araha da ke jibge a kasuwannin Kano na wannan dangi ne, shi ya sa hunturu ɗaya ko biyu ke isa samansu ya tsattsage ya fara ɓarewa. Harshenmu ma ya adana tarihin wannan musanya ba tare da mun lura ba: kalmar leda, da muke kiran jakar roba da shimfiɗar ɗaki da ita, daga kalmar Turanci mai nufin fata aka aro ta.

Newark ba ta manta da shi ba, ko da yake sai da ya mutu ta tuna. Akwai makarantar firamare mai sunansa a Maplewood. Thomas Edison, wanda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyar sana'arsa a Newark kuma ya yi wa ƙere-ƙerensa rajista fiye da dubu, ya sanya Boyden cikin manyan masu ƙirƙira da Amurka ta taɓa yi. A 1890, shekara ashirin bayan rasuwarsa, aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla, aikin Karl Gerhardt, a dandalin Washington da ke tsakiyar birnin, wanda a 2022 aka sauya wa suna zuwa dandalin Harriet Tubman. A zamanin da janar-janar da 'yan siyasa aka fi yi wa irin wannan karamci, an tsayar da shi cikin rigar aiki, ɗaure da walkin fata, kusa da uwar maƙera.